Ashe duk abin da na karanta asaimen ne

Akwai wani abu da na daɗe ina lura da shi a littattafan matasa na Turanci, musamman waɗanda ake rubutawa a Amurka, kuma tun ranar da na gano shi na kasa daina ganinsa, kamar dai ka lura da wani ɗan tabo a bangon ɗakinka, daga nan ko ina ka juya sai idonka ya koma wajen. Kana cikin karatu, wani yaro ɗan sakandare yana ba ka labarin rayuwarsa da bakinsa, kun yi nisa, ka yi dariya ka yi tsaki wataƙila har ka ɗan share ƙwalla a ɓoye, sai can a ce maka ai duk wannan rubutun malamin Turanci ne ya sa a yi. Asaimen ne. Har maki za a bayar.

Littafin da ya fara yi min wannan wayon shi ne The Outsiders na S. E. Hinton, wanda ya fito a 1967. Wanda bai karanta ba ya yi haƙuri don zan ɓata masa ƙarshen, amma dai littafin da ya haura shekara 50 ai ba za a ce na yi gaggawa ba. Mai ba da labarin shi ne Ponyboy Curtis, ɗan shekara 14, iyayensa sun rasu a haɗarin mota, yana zaune da yayyensa biyu maza a Tulsa ta jihar Oklahoma, kuma garin ya rabu biyu, 'ya'yan masu hali a gefe guda, su 'ya'yan talakawa masu shafa mai a gashi a ɗaya gefen, kullum cikin doke-doke. Cikin 'yan kwanaki kaɗan yaron nan ya ga abin da wani dattijon bai gani ba a rayuwarsa. Abokinsa Johnny ya soke wani yaro da wuƙa har lahira don ya cece shi, suka gudu suka ɓuya a wani tsohon coci, cocin ya kama da wuta suka ciro yara daga ciki, Johnny ya mutu a asibiti, 'yan sanda suka harbe wani abokinsu Dally. Mutum uku. To bayan duk wannan sai ga shi ya koma makaranta kamar kowa, kuma karatun ya taɓarɓare, yaron da a da yake cikin na gaba-gaba ya koma ba ya gane komai. Sai malaminsa na Turanci, Mista Syme, ya ce masa gaskiya faɗuwa kake yi, amma in ka rubuto min insha'i mai kyau na ƙarshen zango zan ɗaga ka in ba ka C. Me zan rubuta a kai? Duk abin da ka ga yana da muhimmanci a wajenka.

Wajen da ya fi burge ni shi ne inda yaron ya ɗauki waya da daddare ya kira malamin yana tambaya wai shafi nawa ake so, aka ce masa kar ya gaza biyar, ya ce to in ya wuce fa, aka ce ba laifi. Ya zauna ya ɗauki biro, ya rubuta jimlar farko, yana fitowa daga gidan silima cikin hasken rana, kuma ita ce dai jimlar da littafin ya fara da ita. Na tuna na koma shafin farko da sauri don in tabbatar. Ita ce sak. Wato tun ɗazu takardar asaimen ɗin wani nake riƙe da ita ban sani ba.

A lokacin na ɗauka wannan basira ce da ba a taɓa yi ba. Da na ci gaba da karance-karance sai na ga ashe hanya ce da ta sha tafiya, kowa bi yake. Wani littafin gaba ɗayansa asaimen ne, wani kuma littafin rubutun yau da kullum ne da malama ta ce kowa ya riƙa cikewa, wani wasiƙa ce da aka ce a rubuta wa marubucin da ka fi so, kamar Dear Mr. Henshaw na Beverly Cleary na 1983, inda yaro ya aika wa wani marubuci jerin tambayoyi don aikin aji, shi kuma marubucin ya rama ya aiko masa da nasa tambayoyin, uwar yaron ta ce dole sai ka amsa. Daga nan rayuwar gidansu ta fara zubowa, rabuwar iyaye da uban da yake tuƙa babbar mota ba ya kira.

Dalilin da ya sa marubuta suke son wannan hanya ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Duk wanda ya sa yaro ya ba da labari da bakinsa akwai wata tambaya da take bin sa a baya: me ya sa wannan yaron yake gaya mana, kuma wa yake gaya wa? Ɗan shekara 15 ba ya tashi haka kawai ya zauna ya cika shafi 200 a kan baƙin cikinsa, in ka tambaye shi me ke damunka ma cewa zai yi ba komai ya ja ƙofa. Dole a samo abin da zai matse shi. Asaimen kuwa ya haɗa komai, akwai tilas, akwai ranar miƙawa, akwai babban mutum guda da aikinsa ne ya karanta ko yana so ko ba ya so, kuma abin da ya fi duka, akwai mafaka. Yaro zai iya cewa ni fa ba wai ina so in yi magana ba ne, sa ni aka yi. Kunyarsa ta tsira, mu kuma mun sami labari.

Amma fa a yi gaskiya, akwai wani dalilin da ba a cika faɗa ba. Waɗannan littattafan a aji ake karanta da yawansu, malaman Turanci da masu kula da laburaren makaranta su ne manyan masu saye da masu tallata su. Ko fim ɗin The Outsiders na 1983 da Francis Ford Coppola ya yi, asalinsa wasiƙa ce da wata mai kula da laburare a Fresno ta Kalifoniya ta aika masa tare da sa hannun ɗalibanta. To ka ga littafin da ya nuna malamin Turanci a matsayin wanda ya ceto yaro ai ya san inda zai kwana. Sannan marubutan kansu da yawa daga aji suka fito, Sharon Creech ta koyar da Turanci shekaru a Ingila da Suwizalan, Elizabeth Acevedo ta koyar da Turanci a ƙaramar sakandare a jihar Maryland. Ba laifi ba ne, kowa abin da ya sani yake rubutawa. Sai dai ni abin yana ba ni dariya, ban taɓa cin karo da littafin da malamin lissafi ya dubi yaro ya ce ina ganin wani haske a tattare da kai, je ka warware wannan lissafin za ka gane kanka ba. Malamin lissafi in ya fito ma to mugu ne, ko mai barci. Na motsa jiki kuwa kar ma a yi magana. Ceto sai ajin Turanci, in an yi adalci a ɗan raba da malamin zane.

Kuma abin ya zagayo ya zama kamar maciji ya haɗiye wutsiyarsa, don yau The Outsiders yana cikin littattafan da aka fi sa yara 'yan shekara 12 zuwa 14 su karanta a makarantun Amurka. Yaro yana aji yana karanta asaimen ɗin wani yaro, in ya gama a ce masa ya rubuta asaimen a kansa.

A nan ne na fara rarrabe littattafan gida biyu a kaina, ban ce dole kowa ya yarda ba. Akwai waɗanda suka ɗauka cewa da zarar malami nagari ya ce rubuta gaskiyarka, to yaro zai zazzage cikinsa a takarda ya miƙa. Akwai kuma waɗanda suka san cewa yaro ba ya yin haka, wanda zai ba ka maki ba shi ne wanda za ka gaya wa sirrinka ba. Na biyun nan su nake yarda da su, saboda ni ma na zauna a aji.

Na tuna an taɓa ba mu insha'i a kan ranar da ba zan taɓa mantawa da ita ba, taken da nake jin babu ɗalibin da bai taɓa cin karo da shi ba a duniyar nan. Ina da irin wannan ranar kuwa, kuma ba ta ma yi nisa ba a lokacin. Wanda muke zama benci ɗaya da shi ya yi kwana huɗu bai zo ba, ranar ta biyar aka shigo aka ce mu tashi tsaye aka gaya mana ya rasu. Abin da na kasa mantawa ba sanarwar ba ce, rularsa ce da take cikin jakata, na ara ban mayar ba, ya sassaƙa sunansa a bayanta da tsinin kamfas, kuma na rasa wa zan ba. Na fi mako ina yawo da ita. Da aka ba mu insha'in nan na zauna na kalli takardar, na san sarai ranar da ake tambaya, sai na rubuta labarin wata tafiya da ban taɓa yi ba, mota ta lalace mana ruwa ya tsuge muka kwana a hanya, na ƙawata shi da manyan kalmomin da na haddace. Na ci 16 cikin 20. Da jan biro aka rubuta a ƙasa cewa in riƙa raba sakin layi. Malamin ba mugu ba ne wallahi, mutumin kirki ne, kawai dai ban ga ta yadda zan miƙa masa rular nan ya zagaye min kuskuren nahawu a jikinta ba.

Shi ya sa har gobe wajen da na fi so a duk wannan fannin yana cikin littafin da ya ma girmi fannin, The Catcher in the Rye na J. D. Salinger, 1951, tun kafin a fara ware wani kanti a ce na matasa ne. Holden Caulfield an kore shi daga makarantar kwana, darasi biyar yake ɗauka ya faɗi huɗu, Turanci kaɗai ya ci. Ɗan ɗakinsu Stradlater zai fita zance da yarinyar da shi Holden ɗin yake so a ransa, kuma don rashin ta ido sai ya ce masa don Allah rubuta min insha'ina kafin in dawo, siffanta wani abu aka ce, ɗaki ko gida, amma kar ka yi shi da kyau sosai, kar ka sa waƙafi duk a inda ya dace don kar malam ya gane ba ni ba ne. Holden ya zauna, ɗaki ya ƙi zuwa masa, gida ya ƙi zuwa, sai ya ɗauko safar hannun wasan besbol ta ƙanensa Allie daga cikin akwati. Allie bahago ne, sankarar jini ta kashe shi yana ɗan shekara 11, kuma ya rubuce safar nan kaf da waƙoƙi da koriyar tawada don ya sami abin karantawa in yana tsaye a fili ba a bugo ƙwallo ba. Daren da ya rasu Holden ya farfasa tagogin gareji da hannunsa. A kan wannan safar ya yi rubutun, ya canza sunan kawai don kar a gane ɗan'uwansa ne.

Stradlater ya dawo ya karanta, ya hau faɗa, ni ɗaki na ce maka ko gida, wa ya ce maka safar hannu. Holden ya karɓe takardar ya yayyaga ya zuba a kwandon shara. Shi ke nan. Mu masu karatu ko layi ɗaya ba mu gani ba. Ku duba fa, rubutu mafi gaskiya da yaron nan ya yi, da sunan wani ya yi shi, don malamin da ba nasa ba, kuma ya ƙare a shara saboda bai bi taken da aka bayar ba. Ni a wajena Salinger ya faɗi abin da littattafai goma masu malamai waliyyai ba su faɗa ba. Can gaba ma Holden ya ba da labarin wani darasin magana a gaban aji, inda in ɗalibi ya kauce daga batun da ya ɗauko sai sauran su daka masa tsawa cewa ya kauce, akwai wani yaro mai rawar baki da ya fara maganar gonar babansa ya zarce zuwa labarin kawunsa da ya kamu da shan inna, aka yi ta yi masa ihu, Holden kuwa ya ce shi labarin kawun ya fi masa daɗi. Ya faɗi wannan darasin shi ma.

The Perks of Being a Wallflower na Stephen Chbosky, 1999, yana tsakiya a wajena, rabi ina so rabi ina harara. Charlie wasiƙu yake rubuta wa wani da bai faɗi sunansa ba, ba asaimen ba ne, amma malaminsa Bill yana ta ɗora masa ƙarin littattafai yana cewa rubuto min abin da ka fahimta, To Kill a Mockingbird, The Great Gatsby, Hamlet, har da shi The Catcher in the Rye ɗin. Wani lokacin sai in ji kamar marubucin ne kawai yake nuna mana kantar littattafansa, ya laƙaba wa yaro. Amma akwai abu ɗaya da ya sa na yafe masa: insha'in farko da Charlie ya miƙa, Bill C ya ba shi, wai yana haɗe jimloli ba ya tsayawa. Wannan malami ne na gaske. Yana ƙaunar yaron amma bai fasa jan biro ba. Kuma sai ka ga Charlie a wasiƙar da ta biyo baya yana ƙoƙarin gyarawa, yana maganar manyan kalmomin da aka ce ya riƙa amfani da su alhali shi bai ga amfaninsu ba. Da Bill zai ga wannan rubutun nawa ma na san abin da zan samu. Abin lura dai shi ne babban abin da yake cin Charlie a rai, abin da aka yi masa yana ƙarami, bai taɓa shiga ko ɗaya daga cikin takardun da ya miƙa wa Bill ba. A wasiƙun da ba mai ba su maki ya fito, shi ma sai a ƙarshe.

Wadda ta kama abin a hannu sosai ita ce Elizabeth Acevedo a The Poet X, 2018, littafin da aka rubuta da waƙe tun daga farko har ƙarshe, ya kuma ci babbar kyautar littafi ta ƙasar Amurka a rukunin matasa a shekarar. Xiomara 'yar Harlem ce, iyayenta 'yan asalin Jamhuriyar Dominika, uwa mai tsananin riƙo da coci. Duk sanda malamarsu ta Turanci Ms. Galiano ta ba da asaimen, sai littafin ya nuna mana abu biyu, daftarin farko da yarinyar ta rubuta wa kanta, da kuma wanda ta miƙa. Na farkon da zafinsa yake zuwa, a waƙe, ba ladabi ba kwalliya. Na biyun kuwa a wanke a goge, jimloli sun yi sahu, irin wanda ba zai sa a kira ka ofis ba. Ba ƙarya take yi a na biyun ba, gaskiya ce amma wadda aka zaɓo don ta fi sauƙin ɗauka. Da na ga wannan tsarin sai da na ajiye littafin na ɗan yi shiru, don tafiyar motar nan tawa ce ta dawo min. Ina jin sai wanda ya taɓa zama da tarin takardun yara a gabansa yana maki zai san cewa a bayan kowace takarda akwai wata da ba a kawo ba.

Akwai wani ɗan siririn littafi na Margaret Peterson Haddix, Don't You Dare Read This, Mrs. Dunphrey, 1996, da ya mayar da wannan matsalar ta zama ita ce labarin kanta. Malama ta ce kowa ya riƙa rubutu a littafi, ta kuma yi alkawari duk shafin da aka rubuta kar a karanta a samansa ba za ta karanta ba, za ta duba ne kawai ta ga an yi. Tish 'yar shekara 16 ta fara gwada ta tukuna ta ga ko da gaske take, da ta tabbatar sai ta saki jiki, kusan kowane shafi kar a karanta, kuma a cikin shafukan nan ne uba ya tafi, uwa ta bi shi, aka bar ta da ƙanenta da ɗan albashin aikin da take yi bayan makaranta. Malamar tana rubuta 'yan kalmomin ƙarfafa gwiwa a gefe, madalla kina ƙoƙari, ba ta san abin da ke ƙarƙashin hannunta ba. Abin da ya sa wannan ya yi nauyi a can shi ne a Amurka doka ta wajabta wa malami ya kai rahoto ga hukuma in ya ga alamar ana cutar da yaro ko an yi watsi da shi, ba zaɓi ba ne. Yarinyar tana tsoron in magana ta fita a raba ta da ƙanenta. Don haka cika alkawarin malamar shi ya ba ta wajen numfashi, kuma shi ne ya bar ta cikin wahala wata da watanni. Sai da tura ta kai bango ta miƙa littafin da kanta ta ce karanta duka. Har yau ban yanke hukunci ba ko malamar ta kyauta da ta riƙe alkawari.

Speak na Laurie Halse Anderson, shi ma 1999, ya ɗan yi wa ajin Turanci tsiya, kuma na ji daɗin hakan. An raba littafin zango huɗu, kowane zango ya ƙare da katin sakamako, kana gani makin Melinda, yarinyar da take ba da labarin, yana gangarowa. Malamar Turancin ko sunanta ba ta kira, laƙabi ta sa mata saboda gashinta, suna ta fama da The Scarlet Letter ana tono ma'anar kowace alama, labarin matar da gari ya juya wa baya, alhali ga yarinya a zaune a ajin da makaranta ta juya wa baya kuma ba wanda ya haɗa biyun sai ita. Asaimen ɗin da ya taɓa ta daga ajin zane ya zo, ta zaro takarda aka ce bishiya za ki yi ta zanawa shekara guda.

Sai kuma maganar murya, wadda ita ce inda dabarar take yawan yoyo. In ka ce min wannan littafin ɗalibin da yake faɗuwa ne ya rubuta, to ya aka yi ya iya tsara babi-babi, ya san inda zai ɓoye magana da inda zai sake ta, ya tuna hirar mutum biyar kalma da kalma? Yawanci dai muna kau da kai ne, kamar yadda muke yi wa fim. Amma akwai masu ɗaukar abin da gaske. A Push na Sapphire, 1996, wanda ba ma na yara ba ne saboda nauyin abin da ke ciki, Precious ta fara ba ta iya haɗa haruffa, malamarta Ms. Rain tana rubuta daidai ɗin a ƙarƙashin abin da ta rubuta, kana tafiya kana ganin rubutun yana miƙewa a idonka. Love That Dog na Sharon Creech kuwa, 2001, na ƙananan yara ne, za ka iya gama shi kafin shayinka ya huce, amma ya yi wata dabara da ta fi ƙarfin girmansa. Jack ya fara da cewa shi ba zai rubuta waƙa ba, aikin mata ne. Malamarsa Miss Stretchberry ba ma jin muryarta ko sau ɗaya, amsoshinsa kawai muke gani mu ƙiyasta abin da ta ce. Yana ta maganar wata shuɗiyar mota yana ƙin faɗin dalili, yana cewa in za ki liƙa a allo kar ki sa sunana, sai da shekara ta kusa ƙarewa muka san abin da motar ta yi wa karensa. Wata da watanni yaron yana zagaye abu ɗaya. Haka ake yi ai, ba a ranar da aka ba da take ake faɗa ba.

Duk da wannan surutun nawa ban daina son The Outsiders ba, sai dai yanzu in na kai ƙarshensa Mista Syme nake tunani. Bawan Allah yana jiran shafi biyar, aka dire masa littafi guda, da kisan kai a ciki da gudu daga hukuma da gawar yara uku, kuma alkawarin da ya yi C ne. Ba a nuna mana ya karanta ba, ba a nuna makin ba, labarin ya tsaya daidai inda biro ya taɓa takarda, kafin kowane babba ya sa hannu. Ina zargin Hinton ta san abin da take yi, don ita ba tsohuwar malama ba ce da take tuno aji, a cikin ajin take. Tana da shekara 15 ta fara rubutun, yawancinsa ta yi shi tana 16, ya fito tana 18, kuma kamfanin da ya buga ne ya ba da shawarar a sa haruffan farkon sunanta maimakon Susan, don kar masu sharhi su raina littafin faɗan samari da mace ta rubuta. Ba wanda ya ba ta shi a matsayin asaimen. Ta sha faɗa a hirarraki cewa a shekarar da take rubuta shi, a darasin ƙirƙirar rubutu na makarantarsu, D aka ba ta.